Sawun Da Aka Rufe Da Kwano

Ranar Juma'ar da aka sace katin kwamfutar Salahuddeen, ba a gama naɗe tabarmin masallaci ba labari ya karaɗe Ƙofar Marusa. Waɗanda ba su taɓa kusantar kwamfuta ba su suka fi kowa salati. Wata tsohuwa har tambaya ta yi ko katin zaɓe ne, don tun da soja suka koma bariki shi kaɗai ta san ana sacewa.

Salahuddeen yana da shagon gem a bakin titi, inda samari ke buga ƙwallo da tseren mota a kwamfuta. Babbar kwamfutarsa ta kusurwa ta daɗe tana ba shi kunya. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo, sai ya sandare a haka, samari su kwashe da dariya su ce ya tafi alwala. Da ya ga sun fara sulalewa zuwa wani shago a Ƙofar Guga, sai ya sayar da babur ɗinsa, ya aiki Kabiru mai gyara Kano ya sayo sabon katin hoto, wato abin da ake sakawa a cikin kwamfuta wasa ya yi gudu. Ranar Alhamis aka saka. Ranar Juma'a aka dawo masallaci aka tarar da bayan kwamfutar a buɗe, gurbin katin wayam, kwaɗon ƙofa kuwa a kulle lafiya lau.

Makulli biyu ne. Ɗaya na aljihun Salahuddeen, ɗaya na hannun Zubair, mai kula masa da shago, wanda aka sa ranar aurensa da Saudatu ƙanwar Salahuddeen bayan damina. Da safen nan an yi ruwa, rufin shagon ya yi yoyo, Zubair ya zuba yashi ya tsotse ruwan kafin ya kulle. A kan yashin nan, daidai bayan kwamfutar, ga sawun ƙafa ba takalmi. Zubair kuwa a ruga ya tashi, kowa ya san shi da riƙe silifas a hannu in an yi ruwa. Unguwa ba ta jira alƙali ba.

"Wa ke yawo ba takalmi in ba ɗan daji ba?" in ji wani daga bayan taro.

Mai unguwa Sada ya karɓi kwano a maƙwabta ya kife a kan sawun, ya ce a kira masa Gidaɗo mai bin sawu.

"Ranka ya daɗe, uban Zubairu fa za ka kira!" in ji Salahuddeen.

"Na sani. Bafillace da ɗan fari? Duk zaman da suka yi unguwar nan ka taɓa jin ya kira sunanshi? Ka taɓa ganin ya ɗaga ido ya dube shi? In akwai wanda ba zai kare yaron nan ba a duk Katsina, to Gidaɗo ne."

* * *

Gidaɗo ya zo da sandarsa a kafaɗa. Dogo ne siriri, wanda ciwo ya cinye masa garke shekarun baya, ya dawo jikin ganuwa yana kiwon tumaki. Tunkiya ta ɓace ko an haura katanga, shi ake nema. Sai da suka gaisa da Mai unguwa har kan iyali da ruwa da gajiya, sannan ya tsuguna ya ɗaga kwanon.

Kallo ɗaya ya yi, numfashin da ya riƙe tun daga gida ya fita. Ba sawun yaron ba ne. Wannan ƙafa ce da ta girma a cikin takalmi: diddige sumul ba faso, yatsu a matse, ƙaramin ma bai taɓa yashi ba, ya hau kan ɗan'uwansa. Amma daɗin bai daɗe ba. In ya buɗe baki yanzu, kowa zai ce uba ne ya karanta, yashi ne ya goge yatsan. Kuma shi kansa bakin ba zai buɗu ba. A wajensu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kallon fuskarsa, balle ya tsaya gaban jama'a yana wanke shi. Gara a ce masa ya tuɓe riga a kasuwa.

Ya karya kara ya auna tsawon sawun, ya mayar da kwanon. Ya san Zubair na tsugune a kusurwar hagu, don haka ya dubi dama.

"Abin da aka ɗauka, mi ya yi kama?"

Kabiru mai gyara ya matso. Saurayi ne mai tsabta, ɗan unguwa gaba da baya, wanda samari ke kira Injiniya. Ya nuna masa tsohon katin da aka cire: ɗan faranti kore kamar tafin hannu, da 'yar fanka a jiki. Gidaɗo ya juya shi gaba da baya bai gane komai ba. Wai irin wannan ne kuɗin babur! Ya mayar masa a hankali.

"Wa ya saka sabon?"

"Injiniya mana," in ji Salahuddeen. "Jiya tun safe na bar mashi shago da makullina na tahi ɗaurin aure, sai yamma na dawo na amsa. Kuma ta yi gudu, Baffa, wallahi ta yi gudu. Rana ɗaya na ji daɗinta!" Ya juya kan Zubair. "Kai, gaban ubanka nike tambayarka. Ina ka yi sallah? Ba wanda ya gan ka a sahun da ka saba."

"Ban ɗauka ba," in ji Zubair, kansa a ƙasa.

"Ba shi na tambaye ka ba!"

Zubair bai ƙara ba. Jama'a suka yi ta kallon juna, kowa na gyaɗa kai, don a birni mai gaskiya rantsuwa yake yi har jijiyar wuya ta fito. Gidaɗo ya san shirun nan, shi ya koya masa. Yau ga shi tarbiyyar da ya bayar tana neman kai yaron ofishin 'yan sanda.

"Gobe in an yi la'asar ban ga katina ba, caji ofis za mu," in ji Salahuddeen. "Maganar Saudatu kau, Alhaji babanmu ya ce a dakata."

* * *

A waje babu abin bi. Masu zuwa jaje sun tattake ƙofar shagon kamar an kaɗa garke. Gidaɗo ya yi ta zagaye, ya leƙa bayan shago inda janareta yake, ya dawo, ya sake zagayawa. A ƙarshe ya tsallaka titi wajen Tani mai fura, wadda ba abin da ke wucewa ta gabanta bai biya harajin ido ba.

Bayan gaisuwa Tani ta rage murya, ko da yake ragewar tata ana ji daga bakin titi.

"Ni dai ban ce kowa ba, Malam Gidaɗo. Amma Lado ɗan acaba ya zo ya aje babur ƙohwar shagon ana gab da tahiya masallaci, ya girgiza kwaɗo. Kuma jiya aka kore shi daga shagon, har da zage-zage."

"Bayan shi fa?"

"Sai da liman ya hau mumbari wani ya gitta da lema. Yayyafi ake, ban ga huska ba. Yana ta tsallake taɓo kamar amarya, kar ƙahwarshi ta ɓaci. Na duƙa dama hura, ban san inda ya shiga ba."

Ta miƙa masa ludayi ya ce ya gode. Ranar ko tuwon gidansa bai iya ci ba. Ya zauna, ya tashi, ya je ya duba tumakin da ba abin da ya same su. Matarsa ma ba ta ambaci yaron ba, don ita ma ɗan farinta ne. Gida ɗaya, ciwo ɗaya, ba mai iya ce wa ɗan'uwansa sannu.

* * *

Da safe ya sami Lado a tashar 'yan acaba ta Gobarau, yana goge sabon babur mai hoton kansila a tanki. Kafin su gama gaisawa Gidaɗo ya gama da ƙafarsa: faffaɗa, duk faso, da kanta a bayan ta hagu inda giyar babur ke ci. Ba shi ba ne. Haushi ya kama shi, don ya so ƙwarai a ce shi ne.

"An ce ka girgiza kwaɗo jiya."

"Na girgiza, Baffa. Haƙuri na je ba Salahuddeen, na iske sun kulle. Ni da na yi sallah kahwaɗa da kahwaɗa da Zubairu, yaushe na yi sata?"

Gidaɗo ya dubi tayar babur. "Da wa?"

"Da ɗanka mana. Can ƙarshen sahu, bakin kwata. Ya shigo da tabarmarshi, ya hango Alhaji, baban Saudatu, zaune daidai inda ya saba tsayawa, sai ya juyo da gudu kamar ya ga kura. Har dariya na yi mashi."

To, ga inda yaron ya yi sallah. Kunyar suruki ce ta kore shi daga sahu, kunyar uba ta hana shi faɗa. Tausayi da takaici suka kama Gidaɗo.

"Don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Wa zai yarda da ni? Cewa za a yi ɓarayi biyu sun haɗa baki. Ai don na hwaɗi gaskiya aka kore ni."

"Wace gaskiya?"

Lado ya ajiye tsumma. "Ranar Alhamis da aka sa katin, da hwarko kamar doki, ƙwallo na tahiya sumul. Kafin magariba sai na ji ƙaurin roba, hoto ya hwara zane-zane, 'yar fankar na kuka. Na ce wanga kati ba sabo ba ne, na buga tebur. Injiniya ya ce ma Salahuddeen ni ke neman kashe mashi kwamfuta. Shi ke nan aka nuna mani ƙohwa."

Gidaɗo ya juya karan awonsa. "Ni ban san kan injin nan ba, Lado, sai ka koya mani. Mi zai sa mutum ya tuɓe takalmi a gabanta?"

"Tuɓe takalmi? Tab! Kwamfutocin nan ja suke, Baffa. Ka taɓa ƙarfen ba takalmi ka ji har haƙori. Ko Zubairu da ba ya shiri da silifas, a shagon nan ba ya cirewa." Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya. "Sai dai in za a buɗe cikinta. Injiniya yakan kashe wuta, ya cire sau-ciki da safa, ya taka ƙasa. Wai jikin mutum na da wata wuta da ke kashe kati, sai an zubar da ita. Kullum haka yake yi, har tsokanarshi muke mu ce zai shiga masallaci."

Suka dubi juna. Gidaɗo ya saɓa sandarsa. Sanin ɓarawo daban, nuna shi daban. Kabiru ɗan gari ne, shi kuwa baƙo ne kuma uban wanda ake zargi. In dai daga bakinsa maganar za ta fito, ta mutu tun kafin ta kai kunne.

* * *

Bayan azahar aka taru a shagon. Mai unguwa na kan kujera, Alhaji mahaifin Saudatu na gefensa yana jan carbi. Salahuddeen ya kasa zama, sai duba agogo yake. Ga Lado, ga Kabiru da jakar kayan aikinsa, ga samari cike da ƙofa. Zubair bai shigo ba. Ɗakin da ke da ubansa da surukinsa ba wurin shigarsa ba ne, ya tsuguna a waje jikin bango.

Gidaɗo ya zuba sabon yashi kusa da kwanon, ya yayyafa ruwa, ya lallashe da tafin hannu. Ya sa Lado ya taka, ya auna, ya girgiza kai, ya share. Ya sa wasu samari biyu, ya share. Har Salahuddeen sai da ya taka yana tsaki.

"Wasa ake mana da hankali," wani ya ce daga ƙofa. "A kawo ɗanshi ya taka!"

Gidaɗo ya yi kamar bai ji ba. Ya sake lallashe yashin.

"Ranka ya daɗe, ni jahilin abin nan ne. Sawu kau ba a karanta shi sai an san aikin da mai shi ke yi. Ina so in ga yadda mutum ke tsayawa in zai taɓa cikin injin nan. Malam Kabiru, don Allah maida tsohon katin mu gani."

"Ba komai, Baffa," in ji Kabiru.

Ya kashe wuta. Ya sunkuya, hannunsa ya kai kan igiyar takalmi da kansa, yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya ɗan kakkaɓe bakin wandonsa kamar abin da ya sunkuyar da shi ke nan, ya miƙe, ya ɗauki sukundireba, ya taka yashin da sau-cikinsa.

Gidaɗo ya kafe ido a ƙasa yana addu'a a zuci. In ba wanda ya lura, ya ƙare.

"Injiniya," in ji Salahuddeen a ƙagauce, "takalminka fa? Kai ka ce wutar jiki na kashe kati."

"Ai tsoho ne, ba komai."

"Tsohon shi kaɗai ya rage mani! Ranar da na taɓa shi da takalmi har tsawa ka yi mani. Yau kuma..." Ya dubi kwanon, ya dubi ƙafar Kabiru.



"Cire, Kabiru," in ji Mai unguwa a hankali.

Ya daɗe yana kwance igiyar. Gidaɗo ya share wurin, Kabiru ya taka, ya ɗaga. Mai unguwa da kansa ya tashi ya ɗauke kwanon. Ba a buƙaci kara ba. Sawu biyu ne gefe da gefe, diddige sumul, yatsu a matse, kowanne da yatsu huɗu a kan yashi. Kowa ya dubi ƙafar Kabiru, ya ga ƙaramin yatsan a haye kan ɗan'uwansa.

Kabiru ya zauna daɓas a kan benci. Da ya fara magana, da ƙyar ake ji. Katin gwanjo ya sayo a Kano, ya goge shi ya saka a kwalin sabo, ya yi zaton zai kai shekara. Da ya ji ƙaurin nan ranar Alhamis ya san ba zai kai sati ba, kuma ranar da ya mutu a idon samari, sunansa ya mutu a Katsina. Makullin da aka bar masa ya riga ya yanka irinsa, wai don ko gyara zai taso ba mai shago. Ya ce so ya yi ya mayar wa wanda ya sayar masa tun katin na da rai ya karɓo wani, shi ya sa ma ya tuɓe takalmin. Katin na nan cikin durowa a shagonsa.

"Shi kuma wancan bawan Allah da ka ji ana shirin kai wa caji ofis?" in ji Alhaji.

"Na ɗauka za a yi surutu a bari."

Salahuddeen ya yi kan Kabiru, samari suka riƙe shi. Sai da ƙura ta lafa Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ranar aure tana nan yadda aka sa ta, kuma shi ne da neman gafara. Salahuddeen ya fita waje, aka ji shi yana ba Zubair haƙuri, yana maimaitawa, ba a jin amsa.

Mai unguwa ya juya kan Gidaɗo, wanda ke tattara yashi da gefen hannu kamar ba da shi ake ba.

"Malam Gidaɗo, tambaya ɗaya. Ka auna kowa a ɗakin nan, har mai kayan. Wanda aka zarga kau ba ka ce ya taka ba, tun jiya. In da shi ne fa?"

Gidaɗo ya so ya yi shiru. Amma dattijo ya tambaya a gaban dattijo, kuma kwana guda da ya yi yana haɗiye magana ya gajiyar da shi.

"Ranka ya daɗe, huskarshi aka hana ni, ba a hana ni ƙasa ba." Ya ci gaba da tara yashin. "Tun ranar da ya hwara tsayuwa a bakin garke, kowace sahiya sai na duba inda ya taka. Nan nike sanin ya kwana lahiya, nan nike sanin ƙaya ta soke shi, ko zazzaɓi ya kama shi yana jan ƙahwa. Ranar da ya hwara zuwa zance ma a ƙasa na gani. In aka ce in siffanta maka huskarshi, ƙila in yi kuskure. Sawunshi kau, ko cikin kasuwa aka tashe ni."

Alhaji ya daina jan carbi. Gidaɗo ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, don bangon shagon na langa-langa ne, kuma ya san wanda ke tsugune a bayansa ya ji komai. Ya yi sallama a gurguje, ya ɗauki sandarsa ya fita, ya bi ta dama.

Hanyar ganuwa da laima, ruwan jiya bai gama bushewa ba. Yana tafe kansa a ƙasa yadda ya saba, sai ya ji taku a bayansa. Ya rage sauri don mai shi ya tsaya, kamar kullum, ya ba shi rata. Takun bai tsaya ba. Ya zo ta gefensa ya wuce, abin da yaron bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Zubair bai juyo ba. Silifas ɗinsa na hannu. Ya shiga gaban ubansa yana tafiya a hankali, yana zaɓar inda ƙasa ta fi laushi yana takawa.